A Kan Wa Za a Koyi Aski?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gaban wanzami, ya sunkuyar da kai, ya ji sanyin aska a ƙeyarsa, ya aikata wani abu da ba kasafai yake tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Ya miƙa wuyansa ga mutumin da ke riƙe da kaifi, har ma ya lumshe ido. Abin da ya ba shi wannan natsuwa shi ne sanin da ya yi cewa hannun ya saba. To, amma kafin hannu ya saba akwai ranar da bai saba ba. Akwai kan da aka fara askewa, kuma mai wannan kan mutum ne kamar kowa, yana da jini, yana jin zafi. A kan wa, ke nan, za a koyi aski?

Wannan tambaya ta fi ƙarfin zabirar wanzami, domin tana nan a cikin kowace sana'a da ake yi a jikin ɗan Adam. A wannan maƙala mun zaɓi mu dube ta ta hanyar wasu mutane da ke nesa da mu, wato sababbin ƙananan ma'aikatan jinya na ƙasar Amurka, saboda a wurinsu al'amarin ya fito fili, an tsara shi da doka, an kuma ƙididdige shi. Ƙofa biyu ce ke gaban duk wanda ya gama wannan karatu: ƙofar jarrabawar lasisi da ƙofar samun aiki. Yawancin kukan da ake ji a kan ta farko ake yin sa. Mu kuwa muna ganin ta farkon, duk da tsananinta, tana da hujjar da za ta kare kanta, kuma in akwai rashin adalci a cikin lamarin, a bayan ta biyun ya ɓuya.

Su Wane ne Waɗannan Ma'aikata?

A Amurka aikin jinya hawa-hawa ne. Akwai cikakkiyar ma'aikaciyar jinya mai rajista, wadda ta yi karatun shekara biyu zuwa huɗu. A ƙasa da ita akwai wadda ta yi karatun kimanin shekara guda a ƙaramar kwaleji ko makarantar koyon sana'a, wadda ake taƙaita sunan muƙaminta da LPN, a jihohin Kalifoniya da Teksas kuma LVN. Ita ce muke kira ƙaramar ma'aikaciyar jinya. Aikinta shi ne auna zafin jiki da hawan jini, da wanke miki da ɗaure shi, da ba da magani a kan lokaci, da taimaka wa majinyaci wajen wanka da cin abinci, da kuma lura da duk wani canji a jikinsa don sanar da na gaba. Doka ta ɗora ta a ƙarƙashin kulawar likita ko cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, ta kuma shata mata iyakar da ba za ta ƙetare ba.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun a farkon shekarun 1890 aka buɗe makarantar Ballard a Niyok, inda ake koyar da mata kula da marasa lafiya a gida cikin wata uku, kuma a 1914 jihar Misisifi ta zama ta farko da ta kafa dokar ba irin waɗannan ma'aikata lasisi. Mafi yawan masu shiga wannan hanya mata ne, da yawansu kuma masu iyali, ko baƙin da suka je ƙasar neman abin rufin asiri, har da 'yan Afirka. Abin da ke jan su shi ne gajartar hanyar. Wadda ba ta da halin zaman shekara huɗu a jami'a tana iya daurewa ta yi shekara ɗaya, da rana tana aji, da dare tana wani ɗan aiki.

Mu ƙaddara ɗaya daga cikinsu, mace mai 'ya'ya biyu, wadda ta ci bashi ta biya kuɗin makaranta, ta gama, aka ba ta takardar shaida, aka ɗauki hoto. Za mu bi ta zuwa ƙofofin nan biyu.

Ƙofa ta Farko

Takardar makaranta ba ta isa ta mayar da ita ma'aikaciyar jinya ba. Sai ta nemi izini daga hukumar jinya ta jiharta, ta biya kuɗin hukumar, ta biya dala 200 na jarrabawar da ake kira NCLEX-PN, wadda majalisar hukumomin jinya na jihohin ƙasar take shiryawa. Wasu jihohi kan ba da izinin aiki na wucin gadi kafin a zauna jarrabawar, sai dai izinin yakan faɗi a ranar da mai shi ya faɗi.

Tun daga 1994 a na'ura mai ƙwaƙwalwa ake yin wannan jarrabawa, kuma tsarinta ya bambanta da irin wadda muka sani. Ba a raba wa kowa takarda iri ɗaya. Duk amsar da ɗaliba ta bayar, na'urar za ta sake kimanta ƙarfinta, sannan ta zaɓo mata tambayar da ke daidai bakin iyawarta, wadda tana iya ci tana iya faɗuwa. In ta amsa daidai, ta gaba ta ƙara tsauri. In ta kuskure, ta gaba ta ɗan sassauta. Haka za a yi ta tafiya har na'urar ta tabbatar, da yaƙinin kashi 95 cikin ɗari, cewa ɗalibar tana sama da mizanin ci ko tana ƙasa da shi. A sabon tsarin da aka fara a watan Afrilu na 2023, wanda ya ƙara tambayoyi a kan yadda ake yanke shawara a gaban majinyaci, tambayoyin ba sa kasa 85, ba sa wuce 150, lokacin kuma awa biyar ne.

Abin lura a nan shi ne, jarrabawar da aka gina ta haka ba ta barin kowa ya fita da kwanciyar hankali. Haziƙa da mai rauni duk suna fitowa da jin cewa rabin abin da aka tambaye su ya fi ƙarfinsu, domin da gangan aka tsayar da kowace a bakin gaɓar iliminta. In allon ya ɗauke a tambaya ta 85, ɗaliba ba ta san ko don ta yi zarra ba ne ko don ta yi nisa a ƙasa. Tsakanin 2021 da 2024, kimanin takwas zuwa kusan tara cikin kowane goma na masu zaman farko da suka yi karatu a ƙasar suna ci. Masu maimaitawa kuwa, ƙasa da rabinsu ne ke tsallakewa. Wadda ta faɗi sai ta jira aƙalla kwana 45, ta sake biyan kuɗi, alhali kuɗin haya da na bashi ba su san da wata jarrabawa ba.

Hujjar Mai Tsaron Ƙofa

Duk mai tausayi, in ya dubi matar nan ta dawo gida da labarin faɗuwa, zai ji a ransa cewa an tsananta. Malamanta sun gan ta shekara guda, sun shaide ta. Da wane dalili na'ura za ta rushe shaidarsu cikin 'yan sa'o'i? Wannan ƙorafi ne mai nauyi, amma ya manta da mutum guda wanda ba ya cikin zauren jarrabawar, kuma dominsa aka yi ta.

A kasuwa mai saye yana da kariya. Yana ɗanɗana, yana taya, yana juya baya ya tafi rumfar gaba. Majinyaci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutumin da ke kwance da ƙarfe uku na dare, zazzaɓi ya gigita shi, ba zai iya tambayar wadda ta zo da allura ko ta san bambancin 0.5 da 5 ba, ko da yake wannan ɗigo guda shi ne tsakanin magani da ninki goma na magani. Ba shi ya zaɓe ta ba, ba zai iya gwada ta ba, ba zai iya guje mata ba. Jarrabawar lasisi, a haƙiƙaninta, tambayar majinyaci ce da al'umma ta yi a madadinsa tun kafin ya kwanta. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Saura kawai a zaɓi inda za a yi gwajin, a gaban na'ura ko a jikin mara lafiya.

Wannan tunani ya daɗe. Masu tarihin likitanci sun ruwaito cewa a shekarar 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya rasu a Bagadaza sanadiyyar kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin sana'ar sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi izini, kuma waɗanda aka jarraba sun haura ɗari takwas. A cikin labarin akwai wani dattijo mai kyakkyawar shiga da kwarjini, wanda da aka zo kansa ya amsa cewa ko karatu bai iya sosai ba, amma yana da iyali, kuma da wannan sana'a yake ciyar da su. Sinan bai kore shi ba, bai kuma sake shi haka nan ba. Ya bar shi ya ci gaba bisa sharaɗin kada ya ba da maganin da bai sani ba, kada kuma ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan hukunci ya haɗa abu biyu da muke yawan zaton ba sa haɗuwa, wato tausayin mai neman abinci da tsare ran majinyaci, kuma ya haɗa su ne ta hanyar shata iyaka. A kan irin wannan iyaka aka gina muƙamin ƙaramar ma'aikaciyar jinya.

Ana iya cewa hanyar da ke kai wa ƙofar ba daidai take ga kowa ba, kuma gaskiya ne. Mai hali tana zaune gida wata biyu tana bita, tana sayen littattafan shiri. Mara hali tana karatu a cikin motar haya tsakanin aiki da aiki. Amma maganin wannan yana wajen gyara hanyar, ta rage kuɗi da tallafa wa mai bita. In aka ce a faɗaɗa ƙofar don tausayin talaka, to a tuna cewa majinyacin da za a fara kai wa wadda ba ta shirya ba, shi ma talakan ne.

Abin da Jarrabawa ba ta Gani

Kare jarrabawa ba ya nufin ɗaukar ta fiye da matsayinta. Abin mamaki ne cewa Fulorens Naitingel, wadda ta kafa makarantar jinya a asibitin Sen Tomas na Landan a 1860, kuma ake ɗauka uwa ga sana'ar a zamanance, ta yi adawa da yi wa ma'aikatan jinya rajistar hukuma lokacin da Etel Fenwik da abokanta suka taso da neman haka daga 1887. Ra'ayinta shi ne cewa jigon aikin jinya hali ne, wato haƙuri da gaskiya da lura, kuma waɗannan ba sa hawa takardar jarrabawa. Rajista kuma tana nuna yadda mutum yake ne a ranar da aka rubuta sunansa kawai. Tarihi bai bi bayanta ba. Niyu Zilan ta kafa dokar rajista a 1901, Birtaniya kuma a 1919, shekara tara bayan rasuwarta. Amma damuwarta ba ta mutu ba.

A watan Janairu na 2023 hukumomin Amurka suka bayyana sakamakon wani bincike da suka raɗa wa sunanta. An gano cewa an sayar da takardun shaidar karatun jinya na jabu fiye da 7,600 da sunan wasu makarantu uku a kudancin jihar Filorida, aka kuma gurfanar da mutum 25. Masu sayen sun yi amfani da takardun wajen samun damar zama jarrabawar lasisi, kuma kimanin 2,400 daga cikinsu sun ci. Da yawansu dama suna aiki a ƙananan matakai na kula da marasa lafiya, suna neman hawa mataki na gaba ta gajeriyar hanya.

Wannan lamari ya nuna mana iyakar jarrabawa ta fuska biyu. Ga mutanen da ba su yi zaman ajin da aka ce sun yi ba, ba su kammala horon da aka rubuta musu ba, amma na'ura ta ce sun isa. Ga kuma dubbai da suka yi karatun da gumin goshinsu, amma ta ce su dawo. Ashe jarrabawa rariya ce: tana raba gari da tsaki, amma ba ta san ko garin na halal ne ko na sata ba, ba ta kuma san irin tuwon da za a tuƙa da shi ba. Saboda haka wadda ta ci ba ta gama zama abar amincewa ba, ta dai cika sharaɗi na farko. Wadda ta faɗi kuma, hukuncin da aka yanke mata ya tsaya a kan shirinta na wannan rana. Bai taɓa mutuncinta ba, bai kuma ce hannunta ba zai taɓa iyawa ba. Yawancin baƙin cikin da ke bin faɗuwa yana zuwa ne daga ɗaukar amsar ƙaramar tambaya a matsayin amsar babba.

Ƙofa ta Biyu

Mu ƙaddara matar nan ta ci, lasisi ya zo hannu. A nan ne za ta gane cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Burinta shi ne babban asibiti, inda akwai likitoci da manyan ma'aikatan jinya da za ta koya a wurinsu. Sai ta tarar da guraben irin nata kaɗan ne a can, kuma sau da yawa an rubuta a jikin sanarwar cewa ana son wadda ta yi aiki na shekara guda. Ba a ba ta aiki sai ta goge, ba ta gogewa sai an ba ta aiki. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Wannan ba haka kawai ya faru ba. Shekaru da dama manyan asibitocin ƙasar suna karkata ga masu dogon karatu, musamman bayan 2010, lokacin da Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya ba da shawarar cewa kafin 2020 kashi 80 cikin ɗari na cikakkun ma'aikatan jinya su kasance masu digiri. Ƙarancin ma'aikata da ya biyo bayan annobar korona ta 2020 ya sa wasu asibitoci sun sake waiwayar ƙananan, amma babban mai ɗaukar su aiki shi ne gidajen kula da tsofaffi da gajiyayyu, inda kimanin kashi ɗaya cikin uku nasu suke. Can ne ƙofa take buɗe wa sabuwa, sau da yawa ba tare da an tambaye ta shekarun aiki ba.

Ba mu raina wannan aiki ba. Wanke tsohuwar da ta manta sunan 'ya'yanta, da juya dattijon da ba ya iya juya kansa don kada gado ya ci bayansa, aiki ne da ya fi yawancin abin da muke kira manyan ayyuka daraja. Abin dubawa shi ne yanayin da ake jefa sabuwar a ciki. Dokar tarayya ta 1987 ta wajabta wa irin waɗannan gidaje samun cikakkiyar ma'aikaciyar jinya na awa takwas ne kawai a rana. Sauran lokacin ya wadatar a sami mai lasisi, ko da ƙaramar ce. A 2024 an kafa ƙa'idar da za ta mayar da wannan awa 24, amma a 2025 wata kotun tarayya ta soke ta. Ma'anar wannan ita ce, matar da aka ce ba ta isa ta yi aiki a inda manya goma ke kewaye da ita ba, tana iya samun kanta cikin dare ita ce babba a kan tsofaffi ashirin ko talatin, kowane da jerin magungunansa, likita kuma sai ta waya.

To, ga amsar tambayar da muka fara da ita, kamar yadda tsarin ya bayar da ita ba tare da ya furta ba. Ana koyon askin ne a kan waɗanda ba za su iya kuka a ji ba: tsofaffin da gigin tsufa ya kama, da waɗanda danginsu ba sa zuwa sai jefi-jefi. Bayan shekara guda, in hannu ya faɗa, sai babban asibiti ya buɗe ƙofa ya karɓi gogaggiya, ba tare da ya biya ko kwabo daga kuɗin gogewar ba. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A nan kuwa wani ne ya yi gudun, wani ya ci naman. Kuma wanda ya ce ba ya ɗaukar sabuwa don kare majinyatansa bai kawar da haɗarin daga duniya ba, ya tura shi ne kawai zuwa gidan da ba shi da ƙarfin turo shi baya.

Bashin da ke Wuyan Kowa

Wanzaman ƙasar Hausa sun warware wannan matsala tun da daɗewa, ba tare da sun rubuta ta ba. Yaro yakan fara da ɗaukar zabira, da wasa aska, da kallon hannun ubansa. Ranar da zai fara aski, uban yana tsaye a kansa, yana gyara masa riƙo, yana karɓa in an zo wuri mai wuya. In aka yi yanka, ba yaron mai kai zai tuhuma ba, uban ne. Ashe dole ne a koya a kan wani, wannan babu makawa. Abin da ke raba koyo na adalci da na zalunci shi ne ko akwai babban hannu a kusa, da kuma ko akwai wanda ya ɗauki nauyin kuskuren in ya faru.

Daga nan muke ganin bashi uku. Na farko yana wuyan hukuma da masu ɗaukar aiki. Wanda ya kafa ƙofa, ya karɓi kuɗi, ya ce wa mutum ya isa, bai kamata ya sake shi a fili ba. Rahoton nan na 2010 da kansa ya ba da shawarar a riƙa yi wa sababbin ma'aikatan jinya zaman horo a ƙarƙashin gogaggu kafin a bar su su tsaya da ƙafarsu, kuma asibitoci da yawa sun yi hakan ga masu dogon karatu. Wadda ta yi shekara ɗaya ta fi su bukatar wannan inuwa, amma ita ce ta fi rashinta.

Na biyu bashin wadda ta faɗi ne a kan al'umma. Tun da hukuncin a kan shiri ne, to a bar mata hanyar sake shiri, kada talauci ya mayar da faɗuwa ɗaya ta zama ta har abada.

Na uku yana wuyan sabuwar ma'aikaciyar kanta, kuma shi ya fi wuya, domin babu mai ganin ta sa'ad da take biyan sa. Matsin da take ciki na gaske ne, gaba kura baya sayaki, amma bai halatta mata sayen takarda ba, bai kuma halatta mata yin abin da ba ta sani ba don gudun a ce ba ta iya ba. Kalmar da ta fi kowace tsare rai a bakin sabon hannu ita ce: ban sani ba, bari in tambaya. Wannan shi ne sharaɗin da Sinan ya gindaya wa dattijon Bagadaza, kuma shi ne halin da Naitingel ta ce ba ya hawa takarda.

Kada mu ɗauka wannan labarin wasu ne can. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta soke sakamakon da aka samu a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, bayan ta gano alamun maguɗi, abin da ya shafi har waɗanda ba su da laifi. A watan Fabrairu na 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance takardunsa don fita waje, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, daga cikin kukansu har da rashin guraben da za a yi shekara biyun a cikinsu. A 2025 kuma majalisar ta janye tsohuwar ƙa'idar sallamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawarta sau uku. Ƙofofin nan biyu, da jarabar zagaye su, da neman yadda za a sassauta ba tare da an yi sakaci ba, duk suna nan a gidanmu.

Mu ma da muke riƙe da jan biro a jami'a, masu tsaron ƙofa ne, kuma an ce wanzami ba ya son jarfa. Yana da sauƙi mu yabi tsananin jarrabawa tun da mun daɗe da barin kujerar mai amsawa. Kowace shekara muna sa hannu a kan sakamako, muna cewa wane ya isa, sannan mu koma ofis, ba mu tambayi inda ya dosa ba, ko a kan wa zai fara gwada abin da muka koya masa.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa jarrabawar lasisi haƙƙin majinyaci ce, don haka bai kamata a rushe ta saboda tausayin mai nema ba. Cewa abin da take aunawa kaɗan ne, don haka bai kamata a mayar da ita mizanin darajar mutum ba. Da kuma cewa babban nauyin yana farawa ne bayan an ci, a daidai inda kowa ke janye hannunsa. Al'ummar da ta tsananta a ƙofar farko sannan ta yi sakaci a ta biyu ta tsare kanta ne daga zargi, ba ta tsare majinyaci ba.

Mu koma ga matar da muka ƙaddara. Dare ya raba, tana tsaye a bakin gadon wani dattijo wanda numfashinsa ya canza, tana jin a jikinta cewa akwai abin da ba daidai ba, amma ba ta taɓa ganin irinsa ba sai a littafi. Ta ci tambayoyin na'ura, kuma da ba ta ci ba da ba ta ma lura da canjin ba. Abin da take bukata yanzu shi ne mutum guda, wanda ya riga ta gani, da zai amsa in ta kira. Ko za a sami wannan mutum a ginin ko ba za a samu ba, ba ita ce ta yanke ba, ba kuma dattijon ba ne. Waɗanda suka yanke suna gida suna barci, kuma in rai ya yi tsawo, kowane ɗayansu, da mu kanmu, zai zo ya sunkuyar da kai a gaban wani sabon hannu.